Biskit Mai Ɗauke Da Saƙo: Asalinsa Da Yadda Ake Yinsa Da Cakulan

Duk wanda ya taɓa cin abinci a gidan abincin Sinawa a Amurka ko Kanada, ya san abin da ke biyo baya in an kwashe kwanuka. Ma'aikaci yakan kawo takardar kuɗi bisa ɗan faranti, tare da wani ɗan biskit naɗaɗɗe, mai lanƙwasa kamar jinjirin wata. In aka fasa shi sai a tarar da wata 'yar siririyar takarda a ciki, ɗauke da jimla guda ta nasiha ko ta fatan alheri, wani lokaci har da lambobi a bayanta. Amurkawa na kiransa fortune cookie, watau biskit ɗin sa'a. Galibin masu cinsa sun ɗauka daga ƙasar Sin aka zo da shi, alhali kuwa a can Sin ɗin mutane ƙalilan ne suka san shi. A shekarar 1992 wani kamfanin Amurka ya yi ƙoƙarin kafa kasuwarsa a Sin, amma ya haƙura, domin mutanen ƙasar sun ɗauke shi abincin Amurkawa.

Binciken masana ya kai asalinsa ƙasar Japan. Wata mai bincike 'yar ƙasar, Yasuko Nakamachi, ta tarar da wasu ƙananan gidajen gashi a kusa da wurin ibadar Fushimi Inari a birnin Kiyoto, waɗanda suka gaji yin irin wannan biskit kaka da kakanni. Har ila yau ta gano wani zane a cikin littafin da aka buga a shekarar 1878, wanda ya nuna wani mutum yana gasa shi a kan garwashi. Na Kiyoto ya fi na Amurka girma da duhu, ana kuma haɗa shi da riɗi da miso, wanda wani irin daddawa ne na waken suya. Su a tsakanin lanƙwasar suke maƙala takardar daga waje, don kada wani ya haɗiye ta bisa kuskure.

Japanawan da suka yi ƙaura zuwa jihar Kalifoniya su suka ƙetara da shi teku. Sunan da aka fi ambata shi ne na Makoto Hagiwara, mai kula da Lambun Shayi na Japanawa a birnin San Faransisko, wanda ya riƙa ba baƙinsa biskit ɗin tare da shayi a farkon ƙarni na 20. Mutanen Los Anjalas kuwa suna da nasu da'awar. Wasu na cewa wani Basine ne mai suna David Jung ya ƙago shi a shekarar 1918, wasu kuma na danganta shi ga Seiichi Kito, mai kantin kayan zaƙi na Fugetsu-do. Gardamar ta yi tsawo har a shekarar 1983 aka kafa wani zaman shari'a na nishaɗi a San Faransisko, wanda ba shi da ƙarfin doka, alƙalin kuma ya ba garinsa gaskiya.

To, yaya aka yi abin Japanawa ya koma hannun Sinawa? Amsar tana cikin tarihin Yaƙin Duniya na Biyu. A shekarar 1942, bayan harin da Japan ta kai Pearl Harbor, gwamnatin Amurka ta kwashe kimanin mutum 120,000 'yan asalin Japan ta tsare su a sansanoni, yawancinsu kuwa haifaffun Amurka ne. Iyalin Hagiwara ma an fitar da su daga lambun da suka raina. Gidajen gashin Japanawa suka rufe, Sinawa suka ci gaba da sana'ar. Sojojin da suka ratsa Kalifoniya a lokacin yaƙin suka ci biskit ɗin a gidajen abincin Sinawa, da suka koma garuruwansu sai suka riƙa tambayarsa. Kafin a yi shekara 20 da gama yaƙin ya game ƙasar, sunan masu shi na asali kuwa ya ɓace daga bakin jama'a.

Daga baya injuna suka karɓi aikin naɗi daga hannun mutane. A shekarun 2000, kamfanin Wonton Food na birnin Niyu Yok yana fitar da fiye da miliyan 4 a kowace rana. Sai dai biskit ɗin inji kusan duk ɗanɗanonsa ɗaya ne, saƙonsa kuma an rubuta shi ne don kowa da kowa. Wanda ya yi nasa a gida shi zai zaɓi ɗanɗano, shi kuma zai zaɓi abin da za a karanta.

Kayan haɗin ba su da yawa, akasarinsu kuma akwai su a kowane ɗakin girki. Don a sami biskit kamar 15, ana bukatar farin ƙwai 2 ba tare da gwaiduwa ba, da sukari giram 100, da fulawa giram 60, da narkakken man shanu ko man gyaɗa babban cokali 3, da ruwa babban cokali 2, da ɗan gishiri, da ɗan vanila don ƙamshi. Ya kamata a lura cewa ruwan vanila na kwalba sau da yawa da barasa ake tatso shi, saboda haka mai son kauce wa wannan sai ya nemi na gari.

Kafin a taɓa ƙwai, takardu ake fara shiryawa. A yanka su tsawon santimita 6, faɗin santimita 1, a rubuta saƙonnin da fensir ko da tawadar da ba ta jiƙewa, a jera su kusa da murhu. A ajiye kofi mai kaurin baki a gefe, da kuma tandar waina ko wasu ƙananan kofuna inda za a zaunar da biskit ɗin ya huce. Dalilin wannan shiri zai bayyana nan gaba kaɗan.

Daga nan sai a kaɗa farin ƙwan kaɗan, har ya fara kumfa, a tsaya. In aka kaɗa shi ya tashi sosai, iska za ta cika ƙullun, biskit ɗin ya fito da laushi kamar kek, ya ƙi naɗuwa. A zuba sukari da mai da vanila a juya, sa'an nan a tankaɗe fulawa da gishiri a ciki, a ƙara ruwan. Ƙullun da ake so mai ruwa-ruwa ne, wanda zai zuba daga cokali a hankali, babu gudaji. A shafa wa tire mai, ko a shimfiɗa takardar gashi, a zuba babban cokali ɗaya, a baza shi da bayan cokali ya zama da'ira mai faɗin santimita 8. Kaurin ya zama ɗaya daga tsakiya har gefe, siriri ƙwarai. A gasa a tanderu mai zafin digiri 180 na ma'aunin santigireti, minti 6 zuwa 8, har gefen ya yi ja tsakiyar kuma ta yi ruwan zinariya.

A nan ne gwanintar take. Sukarin da ke cikin wannan ƙullu ya fi fulawar yawa. Muddin yana da zafi, sukari laushi gare shi, kamar alewa kafin ta daskare, kuma biskit ɗin zai lanƙwasu yadda ake so. Da zarar ya fara hucewa sai ya ƙanƙame kamar gilashi, in aka matsa masa sai ya fashe. Tsakanin fitowa daga wuta da ƙanƙamewa bai wuce daƙiƙa 15 zuwa 20 ba. Shi ya sa ba a gasa fiye da 2 ko 3 a lokaci guda, shi ya sa kuma ake son kome ya kasance a kusa da hannu.

Naɗin kansa mataki uku ne. A ɗaga biskit ɗin da siririyar wuƙa ko matuƙin ƙarfe mai faɗi, a kifa shi a hannu ko bisa katako, a ɗora takardar a tsakiya. A ninka shi biyu ya zama rabin da'ira, a haɗa bakunan a hankali ba tare da an danne cikin ba. Sa'an nan a ɗora tsakiyar ninkin a kan bakin kofi, a ja ƙarshen nan biyu ƙasa, ɗaya ta cikin kofin ɗaya ta waje. A zaunar da shi cikin ramin tanda don kada ya buɗe kafin ya huce. Safar hannu ta auduga tana kare yatsu daga ƙuna. In wani ya ƙanƙame kafin a kai gare shi, a mayar da shi wuta na rabin minti, zai sake laushi. Yana da kyau a yi aiki da tire biyu, domin ƙullun da aka zuba a kan tire mai zafi yakan fara gasuwa kafin a baza shi. Na farko da na biyu galibi sukan lalace ko a hannun gwanaye, kada wannan ya karya wa mai koyo gwiwa.

Cakulan kuwa ta hanya biyu yake shiga. Hanya ta farko ita ce a rage fulawa babban cokali 2, a maye gurbinta da garin koko marar sukari, irin wanda ake yin cakulan da shi. Biskit ɗin zai fito da duhu da ɗan ɗaci mai daɗi. Matsalarsa ita ce duhun yana ɓoye jan gefe, wanda shi ne alamar gasuwa. Saboda haka sai a duba fuskar biskit ɗin: in ƙyallin danshi ya ɓace, gefen kuma ya ɗan yi ƙarfi, to ya yi. A gwada da guda ɗaya tukuna, a riƙe adadin mintocin.

Hanya ta biyu ita ce a tsoma rabin biskit ɗin cikin narkakken cakulan bayan ya huce sarai. Giram 150 zai isa. A daddatsa shi, a zuba kashi biyu cikin uku a busasshen kwano, a ɗora kwanon bisa tukunyar ruwan zafi, ba tare da gindinsa ya taɓa ruwan ba. Ko ɗigo ɗaya na ruwa ya faɗa ciki, sukarin cakulan zai dunƙule, ya koma kamar taɓo. In ya narke, ya kai wajen digiri 45, a sauke, a zuba ragowar kashi ɗayan, a yi ta juyawa har zafin ya sauko digiri 31 ko 32. Hikimar wannan ita ce, man koko yana daskarewa ta siffofi dabam-dabam, guda ɗaya ce kawai daga cikinsu ke ba da ƙyalli da ƙarfi. Ragowar cakulan da bai narke ba yana ɗauke da wannan siffa, shi yake jan sauran su bi sahunsa. In aka tsallake wannan mataki, cakulan yakan yi fari-fari a sama bayan kwana ɗaya ko biyu. Ba ya cutarwa, amma ba ya da kyan gani. Kafin ya daskare ana iya barbaɗa dakakkiyar gyaɗa, ko riɗi, ko kwakwa.

Yanayin ƙasa shi zai nuna hanyar da ta fi dacewa. Man koko yana narkewa a wajen digiri 34, watau ƙasa da zafin jikin mutum. Mazauna Landan ko Niyu Yok ba su da damuwa, amma a Khartum ko Jidda ko Injamena, cakulan na tsomawa zai narke a hannun baƙo, don haka garin koko a cikin ƙullu ya fi. A Kumasi da Duwala kuwa, inda gonakin koko ke kusa, danshi ne abokin gaba, domin sukari yana jan ruwa daga iska, biskit ɗin ya yi laushi cikin 'yan sa'o'i. Maganinsa gwangwani mai murfi da ke rufewa ruf. Firiji ba ya taimakawa, saboda raɓar da ke kwanta wa biskit in an fito da shi. Wanda ya yi laushi, muddin ba a tsoma shi a cakulan ba, ana iya busar da shi a tanderu marar zafi sosai na minti 10.

Saura maganar takardar, wadda ita ce dalilin wahalar duka. A ranar 30 ga Maris, 2005, mutum 110 suka ci matsayi na biyu a wata cacar Amurka da ake kira Powerball, aka yi zaton maguɗi ne. Da aka bincika sai aka tarar daga bayan takardun biskit na kamfani ɗaya suka kwafi lambobin. Wasu suka ɗauki abin a matsayin karama, alhali kuwa kamfanin ya buga jerin lambobi iri-iri a takardu masu ɗimbin yawa, dole wata rana ɗaya ya dace. Takardar biskit ba ta san gobe ba, kuma mutane da yawa, musamman Musulmi, ba sa son abin da ya yi kama da duba. Mai yi a gida ba shi da bukatar faɗin abin da zai faru. A bikin suna ana iya rubuta fatan Allah ya raya, a ɗaurin aure fatan zaman lafiya, ranar Salla gaisuwar barka da Salla da sunan kowane yaro. Karin magana ma tana dacewa da wannan ɗan fili, kamar a rubuta cewa zumunta a ƙafa take. Abin da ya kamata a guje wa shi ne rubuta ayoyi, domin takardar sau da yawa a kwandon shara take ƙarewa. A kuma tuna da dalilin da ya sa mutanen Kiyoto suke maƙala tasu a waje: kafin a miƙa farantin, a gaya wa tsofaffi da yara cewa akwai takarda a ciki, a fasa tukuna sa'an nan a ci.