Digirin gudanar da asibiti: kafin ka sayi fom, tambayi ajin da za a sa ka

Duk wanda ya taɓa kai mara lafiya Korle Bu ko Komfo Anokye ya san likita, ya san nas, ya san mai ba da kati. Wanda ba a cika sani ba shi ne mutumin da ke ofis yana tabbatar da cewa akwai mai a janareto, an biya masu kawo magani, an tura wa hukumar inshorar lafiya takardun neman kuɗi a kan lokaci, motar ɗaukar marasa lafiya kuma tana tashi idan an murza makulli. Shi ne mai gudanar da asibiti, wanda ma'aikata ke kira administireta. Ranar da aikinsa ya tsaya, likita ma sai ya naɗe hannu.

Aiki ne da ake karantawa a jami'a. Makarantar Kasuwanci ta Jami'ar Gana da ke Legon ta daɗe tana koyar da shi, yanzu kuma wasu jami'o'in gwamnati da masu zaman kansu suna da irinsa, ko da sunan kwas ɗin ya ɗan bambanta. Buƙatarsa ta ƙaru tun da dokar 1996 ta kafa Hukumar Lafiya ta Gana, sannan inshorar lafiya ta ƙasa ta zo a 2003, ta sa kowane asibiti sai ya iya lissafi da ajiye takardu kafin ya ga kuɗinsa.

Shekarun nan, duk lokacin sayen fom, nakan zauna da matasanmu na Nima da Mamobi da Sabon Zango muna duba takardu. Masu son wannan digiri kashi biyu ne. Akwai waɗanda suka gama sakandare. Akwai kuma masu difiloma ko HND, da waɗanda suka fara karatu a wani wuri bai ƙare ba. Abin da na lura shi ne, kashi na biyun sun fi yin asara, domin suna ɗauka karatun da suka yi a baya zai bi su duk inda suka je. To ba haka abin yake ba. Jami'ar da za ka shiga ita ke yanke abin da za ta karɓa daga karatunka na baya, kuma hukuncin nan kan zama bambancin shekara guda cur, wani lokaci har biyu.

Kiredit iri biyu ne

Kalma ɗaya ce ke rikita mutane, domin ma'anarta biyu. Kiredit na farko shi ne na jarrabawar WASSCE, wato sakamako daga A1 zuwa C6. Na biyu shi ne na jami'a, kuma awo ne na yawan karatu. Darasin da ake shiga aji awa uku kowane mako har simesta ta ƙare, shi ne mai kiredit uku. Ɗalibi kan ɗauki kamar 15 zuwa 18 a simesta. Idan ka lissafa 15 sau simesta takwas, ka ga 120 ke nan, kuma wajen nan digirin shekara huɗu yake farawa. Maganar ɗauko kiredit daga wata makaranta, wannan na biyun ake nufi. Kana ce wa jami'a: daga cikin 120 ɗin nan, na riga na yi kaza a wani wuri, a cire mini.

Ƙofofin shiga

Mai WASSCE yana buƙatar kiredit shida: Turanci, lissafi, da kimiyya ko nazarin zamantakewa gwargwadon ƙa'idar jami'ar, sai darussan zaɓi uku. A1 maki ɗaya ne, C6 maki shida, jimillar kuma kada ta wuce 36. Wanda ya yi tsohuwar SSSCE, kafin WASSCE ta maye gurbinta a 2006, nasa daga A zuwa D ne, jimilla 24. Amma fa 36 ɗin nan bakin ƙofa ne kawai. A manyan jami'o'in gwamnati, inda masu nema suka fi kujeru yawa, makin da ake tsayawa a kai yana ƙasa da haka nesa ba kusa ba. Sannan D7 a lissafi ko Turanci ba ya buɗe ƙofar digiri. Wanda yake da shi, gara ya koma ya rubuta ta Nuwamba da Disamba da ya riƙa yawo da fom daga wannan makaranta zuwa waccan.

Ƙofa ta biyu ta manya ce, ga wanda ya kai shekara 25. Ana rubuta jarrabawar jami'ar ta Turanci da lissafi da gwajin basira, wasu kuma sukan fara ba da ɗan gajeren kwas na share fage. A nan akwai sharaɗin da ya kan kama mutanenmu: ana son shaidar haihuwa wadda ta kai shekara biyar da yi. Wanda bai taɓa yin takardar haihuwa ba sai watan jiya, don kawai zai cike fom, yana iya samun matsala ko da furfura ta fito masa.

Ƙofa ta uku ita ce ta masu difiloma da HND, waɗanda ake sa wa a lebul 200 ko lebul 300 maimakon su faro daga lebul 100. Nan ne ake yawan kuka.

Abin da jami'a ke dubawa

Akwai 'yar yayata, nas ce, tana da difilomar shekara uku, ta kuma daɗe tana aiki a ɗakin haihuwa. Ta so ta koma ɓangaren gudanarwa. Wata rana ta kira ni da murna: "Kawu, ai sun ce lebul 300 za su sa ni, shekara biyu na gama." Na ce wa ya faɗa miki? Ta ce wani ne a teburin sayar da fom na wata kwaleji mai zaman kanta. Ta riga ta biya kuɗin fom, ta gaya wa maigidanta shekara biyu ne, sun tsara yadda za a yi da yara. Da takardar gurbi ta fito, lebul 200 aka rubuta. Ta koma neman wanda ya yi mata alkawari, aka ce ai ba shi ke yanke hukunci ba.

Laifin kwalejin shi ne barin mai sayar da fom ya yi alkawarin abin da ba ya hannunsa. Amma ajin da suka sa ta yana da dalili, kuma dalilin ne nake so mai karatu ya gane. Digirin gudanar da asibiti, a shekarunsa biyu na farko, kusan karatun kasuwanci ne: akanta, tattalin arziki, ƙididdiga, dokar kasuwanci, kula da ma'aikata. Daga baya ake shiga tsara ayyukan lafiya, kuɗin inshora, ƙididdigar cututtuka, da sayen kayan gwamnati bisa dokar 2003. Ita kuwa nas ta karanta sassan jikin mutum da magunguna da jinya. Karatu ne mai nauyi, amma ba ya maye gurbin akanta. Shi ya sa za ka ga mai HND ta akanta ko ta sayen kaya, wanda bai taɓa riƙe allura ba, an cire masa darussa fiye da nas mai shekara goma a asibiti. Kai da ji ka ce rashin adalci ne. Amma kwamitin ba shekarun aiki yake ƙirgawa ba, darasi yake ɗorawa kan darasi ya ga ko sun yi daidai.

Bayan dacewar darasi, suna duba sakamakon da ka samu a cikinsa. Darasin da ka tsallake da ƙyar, ba lalle a karɓe shi ba. Ga mai HND, matakin da ya fita da shi yana cikin abin da ke raba lebul 200 da lebul 300. Wasu jami'o'in suna duba daɗewar karatun ma. Sannan da yawa ba sa ba da digirinsu ga wanda bai yi aƙalla shekara biyu a wurinsu ba. Ma'ana, wanda ya yi shekara uku a wata jami'a ya bari, kada ya sa ran zai zo ya ƙarasa shekara ɗaya ya karɓi kwali.

Babban abin da ke gaban duka shi ne amincewar hukuma. Tun 2020, hukumar GTEC ce ke kula da manyan makarantu, bayan an haɗe tsofaffin hukumomi biyu da ke wannan aiki. Amincewar hawa biyu ce: ta makarantar daban, ta kowane kwas daban, kuma kowace tana da wa'adi. Makaranta na iya zama halastacciya amma kwas ɗin da kake so ba shi da amincewa, ko tasa ta ƙare ba a sabunta ba. Kada ka ce sai ƙananan kwalejoji. Rahoton babban mai binciken kuɗin gwamnati na 2021 ya gano ɗaruruwan kwasa-kwasai a wasu manyan jami'o'in gwamnati da ke gudana ba tare da amincewa mai aiki ba. Idan kiredit ɗinka daga kwas mara amincewa ya fito, wata jami'ar tana da damar ta ƙi shi gaba ɗaya.

Masu dawowa daga waje

Wannan ya fi shafar Zango, domin 'ya'yanmu da yawa suna karatu a Sudan da Masar da Saudiyya, wasu kuma a Togo ko Nijar. Da yaƙi ya ɓarke a Khartoum ranar 15 ga Afrilun 2023, an kwaso ɗalibanmu sun dawo gida karatu bai ƙare ba. Wanda ya dawo da takardar sakamakonsa ta kowace simesta, wadda ɗalibai ke kira taranskirif, yana da abin nunawa. Wanda ya baro ta a ofishin rijistara, ba shi da hujja sai bakinsa, jami'a kuwa ba ta ba da kiredit da baki.

Takardar waje sai GTEC ta auna ta, ta faɗi matsayinta a tsarin Gana. Idan da Larabci ko Faransanci take, sai an yi mata fassara ta hukuma, irin wadda Cibiyar Harsuna ta Gana ke yi. A kuma lura da wani abu: a tsarin ƙasashen Faransanci, digirin farko kiredit 180 ne a shekara uku, wato 60 kowace shekara. To yaron da ya zo da kiredit 60 daga Lome ko Yamai, karatun shekara ɗaya ke hannunsa. Kada ya kalli 120 ɗinmu ya ce ya yi rabi.

Sai maganar suna. Mohammed a takardar WASSCE, Muhammad a fasfo, Mahama a katin Gana. Mu mun san mutum ɗaya ne, kwamfutar jami'a ba ta sani ba. Haka ranar haihuwa idan ta saɓa. Gyaran yana buƙatar takardar rantsuwa, wani lokaci har da bugawa a gazet, kuma ba a gama shi a kwana biyu. A fara tun kafin a buɗe sayar da fom.

Tambayoyin da ake yi kafin biyan kuɗi

Matambayi ba ya ɓata, amma sai ya tambayi wanda ya sani. Ofishin rijistara ko shugaban sashe su ne masu magana, ba mai sayar da fom ba. Ka kai musu kwafin taranskirif ɗinka tare da bayanin abin da aka koyar a kowane darasi, domin sunan darasi kaɗai ba ya isa kwamiti ya gwada. Ka tambaya: wane lebul za a sa ni, waɗanne darussa za a cire mini, waɗanne zan ƙara? Ka nemi amsar a rubuce, ko da ta imel ce. Ka duba sunan kwas ɗin a jerin GTEC, ka duba ranar da amincewarsa za ta ƙare. Idan kwaleji ce mai zaman kanta da ke ƙarƙashin wata jami'a, ka tambayi sunan wace jami'a zai fito a kwalin. Idan kuma ma'aikacin gwamnati ne kai, ka nemi izinin wurin aikinka kafin ka fara, domin karatun da aka yi ba da izini ba yakan ba da wahala ranar neman ƙarin girma.

Shekara ɗaya ta ƙari ba ƙaramin abu ba ne a gidajenmu. Kuɗin makaranta ne na simesta biyu, da kuɗin ɗaki ko na tiro-tiro, da ƙarin girman da aka jinkirta. Sau da yawa kuɗin nan na adashin uwa ne, ko na ɗan'uwa da ke turowa daga waje. Wani lokaci lebul 200 ɗin ma shi ne daidai, domin wanda ya tsallake akanta ya faɗa lebul 300 zai sha wuya a darussan kuɗi. Abin da ba daidai ba shi ne mutum ya gano ajinsa bayan ya biya.

Ina ganin jami'o'i za su iya rage wannan da abu mai sauƙi: kowace ta buga a shafinta na intanet cewa mai difiloma kaza, da sakamako kaza, lebul kaza yake shiga. Mu kuma a unguwanni, ƙungiyoyin ɗalibai da na tsofaffin ɗalibai su ware rana ɗaya kafin lokacin fom, a zauna a makarantar unguwa, waɗanda suka bi hanyar su duba wa na baya takardunsu. Asibitocin da ke kusa da Zangon Akra da Kumasi da Tamale cike suke da iyayenmu, wasunsu ba sa jin Turanci. Samun namu a ofishin da ake tsara layin ganin likita da sayen magani abu ne da zai amfani kowa. Allah ya ba masu nema sa'a.