Kasuwancin "kawo mutum ka samu": abin da daftarin dokar Amurka zai canja wa masu talla



Ɗalibai suna yawan tambayarmu bayan karatu game da kamfanonin da ake shiga da kuɗi, a ba mutum magani ko sabulu ko turare ya sayar, sannan a ce masa babbar riba tana wajen kawo wasu su shiga a ƙarƙashinsa. Da yawa daga cikin manyan kamfanonin wannan harka a Amurka suke, kuma can ne aka fi daɗewa ana jayayya a kansu. Shi ya sa muka ga ya dace mu duba abin da ake son yi musu a can.

A watan Janairun 2025 hukumar kula da ciniki ta Amurka, FTC, ta fitar da daftarin doka a kan alƙawarin samun kuɗi da ake yi wa masu shiga. Daftarin bai haramta sana'ar ba. Abin da ya nema shi ne, kada a ce wa mutum zai samu kaza sai da hujja a rubuce, kuma in ya nemi hujjar a nuna masa. Ya kuma hana a yi wa abin kamannin aikin albashi alhali ba shi ba ne. Hukumar ta tambayi jama'a ko a tilasta wa kamfani ya faɗi abin da ke saura hannun mai talla bayan an cire kuɗin da ya kashe, da kuma ko a sa wa'adin jira kafin sabon shiga ya biya ko sisi.

Dalilin hukumar yana cikin binciken da ma'aikatanta suka wallafa a Satumbar 2024, inda suka duba takardun bayanin samu na kamfanoni 70. A mafi yawansu, galibin masu talla ba su wuce dala 1,000 a shekara ba, wato ƙasa da dala 84 a wata, wajen jaka hamsin na sefa ke nan, tun ba a cire kuɗin kaya da na mota da na taro ba. A kamfanoni 17 aƙalla, mafi yawan waɗanda suka shiga ba a biya su komai ba.

To ina mai talla a cikin wannan? Kamfani ba ya ɗaukar sa ma'aikaci. Ba albashi, ba fansho, kayan da suka kwanta kuma a ɗakinsa suke kwantawa. Amma bakinsa ne ke jawo mutane: shi ke sa hoton mota a WhatsApp, shi ke ce wa ɗan ƙanwarsa ya bar makaranta. In doka ta tabbata, tarar saɓa mata tana haura dala 50,000 a kan laifi ɗaya, don haka kamfani zai sa ido a kan kowace kalma ta mutanensa, ya kori wanda ya wuce gona da iri don ya tsira da kansa. Kuma kada mai talla ya ɗauka shi ya yi ƙanƙanta a taɓa shi. A 2019 kamfanin AdvoCare da tsohon shugabansa sun amince su biya dala miliyan 150 su bar wannan tsari, kuma ƙarar ta haɗa har da manyan masu tallansa.

A ganinmu dokar za ta raba masu talla gida biyu. Matar da ke da abokan ciniki na gaskiya, masu sayen man shafawa saboda suna son sa, kusan ba abin da za ta rasa. Wanda cinsa da shansa ya dogara ga sababbin shiga kuwa, an karɓe masa ƙugiyarsa, don in ya nuna lissafin gaskiya ba mai biyo shi. Masu kare kamfanonin suna cewa takardu da wa'adin jira za su wahalar da mai ƙaramin ƙarfi da ke neman na cefane. Akwai gaskiya a maganar, sai dai wanda ya sayar da babur ɗinsa ya shiga, wahalarsa ta fi ta cika takarda.

Wannan layi da hukumar ta so ja a 2025, malamai sun riga ta. Kwamitin fatawa na Saudiyya, a shekarar 1425 bayan hijira, ya haramta irin waɗannan kamfanoni, saboda abin da ake nufi shi ne ladan kawo mutane, kayan kuwa mayafi ne kawai. Ya ambaci riba da garari da cin dukiyar mutane ba da haƙƙi ba. Majalisar malaman Indonesiya kuma a 2009 ta halatta da sharuɗɗa: a samu ciniki na haƙiƙa, kada a tsauwala farashi, lada ya fito daga abin da aka sayar, ba daga kuɗin sababbin shiga ba. Duk su biyun tambaya ɗaya suke yi, wato daga ina kuɗin da ake rabawa ke fitowa. Ita ce kuma FTC ta yi wa Herbalife a 2016, lokacin da ya biya dala miliyan 200 ya kuma amince ya ɗaura ladan mutanensa a kan cinikin da za a iya tabbatarwa.

Daftari dai ba doka ba ne. An fitar da shi saura mako guda gwamnati ta canja, kwamishinoni biyu cikin biyar suka ƙi amincewa, kuma ɗayansu, Andrew Ferguson, shi ya zama shugaban hukumar bayan haka. Ko da ya tabbata ma, hannunsa ba zai kai Yamai ko Maraɗi ko zangon Kumasi ba. Amma abin da ya ƙunsa ba ya buƙatar izinin wata gwamnati kafin a yi aiki da shi. Duk wanda aka gayyata taro a otal yana iya neman a nuna masa a rubuce mutum nawa suka shiga bara, nawa daga cikinsu suka mayar da kuɗinsu, kuma ko kamfani yana karɓar kayan da ba su sayu ba. Sannan ya nemi a ba shi mako guda ya yi shawara kafin ya biya.