Yadda Kotu Ke Fayyace Ma'anar Kalmomin Doka: Misalin Shari'ar Gonaki a Ƙasar Kurfai

1. Gabatarwa

Doka magana ce rubutacciya, kuma kalma ɗaya tana iya ɗaukar ma'ana fiye da ɗaya. Saboda haka, kafin alƙali ya yanke hukunci, wajibi ne ya tsayar da abin da kalmomin doka suke nufi. Ba shi da damar kauce wa wannan aiki, domin aya ta 4 ta kundin dokokin zaman jama'a, wanda Nijar ta gada daga Faransa, ta ɗauki alƙalin da ya ƙi yin hukunci bisa hujjar cewa doka ta yi shiru ko ta yi duhu a matsayin wanda ya hana adalci.

A Nijar aikin ya ninku, don kuwa da Faransanci aka rubuta dokokin, alhali masu ƙara da harsunan gida suke magana. Manufar wannan maƙala ita ce ta nuna hanyoyin da kotu ke bi wajen fayyace ma'ana, tare da misalai daga shari'ar gonaki a ƙasar Kurfai, sa'an nan ta jawo hankalin masu nazarin harshe da masu tsara yaƙi da jahilci ga abin da ya rataya a wuyansu.

2. Ƙasar Kurfai da harsunanta

Filinge, babban garin Kurfai, yana cikin kwarin Dallol Boso, a jahar Tilaberi, kimanin kilomita 180 arewa maso gabas da Yamai. Kurfayawa Hausa suke yi, irin ta yamma. Suna maƙwabtaka da Zabarmawan Tondikanja, da Abzinawan Imanan da Tagazar, da kuma Fulani makiyaya. Ruwan kwarin ba shi da zurfi, shi ya sa manomi da makiyayi kowa idonsa yana kansa. A irin wannan wuri, ƙara ɗaya takan ratsa harsuna biyu ko uku ta bakin tafinta kafin a rubuta ta da Faransanci.

3. Hanya ta farko: ma'anar da doka ta bayar da kanta

Idan mai doka ya bayyana abin da yake nufi da kalma, alƙali ba ya neman wata ma'ana a ƙamus ko a kasuwa. Dokar 2 ga Maris 1993, wadda ta aza harsashin kundin tsarin karkara, ta bai wa makiyaya haƙƙin fifiko wajen amfani da albarkatun wurin da ta kira terroir d'attache. Wani ƙuduri na 10 ga Janairu 1997 ya fayyace wannan suna da cewa yanki ne da al'ada ko doka ta san da shi, inda makiyaya suke zaune mafi yawan shekara, kuma suke komawa gare shi bayan sun yi ƙaura da bisashensu.

Hausa ba ta da kalma guda da ta yi daidai da wannan. «Ruga» ta yi ƙanƙanta, domin zango ce kawai. «Makiyaya» fili ne na kiwo da kowa ke shiga. Idan tafinta ya ce «ƙasarsu», mai saurare zai ji mallaka, alhali fifiko doka ta bayar, kuma fifikon bai hana wasu makiyaya kiwo da shayarwa a wurin ba.

4. Hanya ta biyu: karanta aya tare da ƴan'uwanta

Kalma ba ta zama ita kaɗai. Ayoyin da ke kewaye da ita suna haskaka ta. Dokar 1993 ta ɗora wa mai gona nauyin mise en valeur, wato raya wurin da cin amfaninsa. Ta ce idan aka tabbatar ba a raya gona ba shekara 3 a jere, ba tare da wani ƙwaƙƙwaran dalili ba, hukumar kula da filaye tana iya danƙa noman ta ga wani.

To, gonar da aka bari ta huta, wadda ake kira saura, ko sabra a Hausar yamma, an yi watsi da ita ke nan? Wanda ya fassara mise en valeur da «noma» kawai zai ce haka ne. Amma alƙalin da ya karanta dokar gaba ɗaya zai tarar da abu biyu: dokar ta ce a yi la'akari da halin wuri da na lokaci, kamar fari, ta kuma ce rashin raya gona ba ya raba mai ita da mallakarsa ko ta yaya. Daɗin daɗawa, wani ƙuduri na rana ɗaya da na sama ya sanya kāre albarkatun ƙasa da farfaɗo da su cikin ma'anar kalmar. Bisa ga haka, hutar da jigawa don ta maido da ƙarfinta yana iya shiga cikin raya ta.

5. Hanya ta uku: neman nufin mai doka

Inda lafazi ya ɗauki fuska biyu, kotu takan tambayi ɓarnar da aka yi dokar don a kawar. A ranar 25 ga Mayu 1960 aka yi dokar hana dîme da achoura. Ta biyun ita ce ushira, wadda akan cire daga dukiyar mamaci. Ta farkon kuwa da «zakka» ake fassara ta, kuma zakka a bakin manomi tana nufin abu uku: dami ɗaya cikin goma da musulmi ke fitarwa don ibada, hatsin da masu sarauta suke karɓa daga talakawa, da kuma damin da mai aron gona ke kai wa mai ita bayan girbi.

Nufin dokar shi ne a sauke wa talaka nauyin abin da masu iko suke karɓa, ba a hana shi rukunin addininsa ba. Dami na uku kuwa, wanda masu shari'a ke kira dîme locative, yana da nauyi ƙwarai a ƙarar gona, domin shi ne shaidar cewa mai noma ya san gonar tana da mai ita. Tafintan da ya ce «yana ba da zakka» bai faɗi wace iri ba, yana iya mai da ibada hujjar aro, ko ya mai da aro ibada, gona ta sauya hannu.

Irin wannan ruɗani ya biyo bayan jawabin shugaba Seini Kunce na 18 ga Disamba 1974, inda ya ce kowace gona ta ci gaba da zama a hannun mai noman ta. Jawabi ne, ba doka ba ce da aka tsara aya-aya. Masu aro da yawa suka ji mallaka, masu gado suka ji riƙo, kuma an daɗe ana jayayya a kan wannan bambanci.

6. Hanya ta huɗu: komawa ga al'ada

Dokar tsarin kotuna ta 16 ga Maris 1962, da waɗanda suka maye gurbinta a 2004 da 2018, sun umurci kotu ta yi aiki da al'adar masu ƙara a sha'anin aure, da gado, da gonakin da ba su da rajista. Alƙali yakan zauna da mashawarta biyu masana al'ada. Shawara tasu ce, hukunci nasa. Kafin ƙarar gona ta iso kotu ma, sai maigari ko sarki ya gwada sulhu.

A nan kalmar Hausa ita kanta ta zama kalmar doka. Gado, saye da kyauta suna ba da mallaka. Aro, haya da jingina riƙo suke bayarwa. Alal misali, wani ya ce: «Kakana ya bai wa kakansa gonar nan.» Aikatau «ba» bai bambanta kyauta da aro ba. Sai alƙali ya bi ƙa'idar aya ta 1156 ta kundin dokokin zaman jama'a, wadda ta fifita niyyar masu yarjejeniya a kan lafazinsu, ya binciki alamomi: ana kai dami? Wane ne ke da ikon dasa itace ko gina rijiya a gonar? An karɓi kuɗi ko hatsi da sharaɗin fansa? Amsoshin su ne ke tsayar da ma'anar kalmar.

7. Kammalawa

Kundin da aka ƙaddamar a ranar 26 ga Maris 2025 ya sanya Hausa harshen ƙasa, Faransanci da Ingilishi kuwa harsunan aiki. Wannan ya ƙara wa aikin fassara dokoki muhimmanci, kuma misalan da aka kawo suna nuna cewa jera kalma gaban kalma ba zai wadatar ba. Abubuwa uku ake bukata.

Na farko, a tattara kalmomin gona da kiwo daga bakin dattawa, da mashawartan kotu, da tafintoci, a rubuta kowace da jimlar da aka ji ta ciki da garin da aka ji ta, domin ma'anar Filinge ba lalle ta zama ta Maraɗi ko ta Damagaram ba.

Na biyu, kowace kalmar doka da za a shigar a ƙamus ta zo da bayaninta, da haƙƙin da take bayarwa, da wanda ba ta bayarwa.

Na uku, littattafan yaƙi da jahilci su ƙunshi samfurin takardun aro, da jingina, da saye, yadda ɗalibi zai koyi rubuta sunan yarjejeniya, da wa'adinta, da shaidunta. Manomin da ya iya rubuta «aro na shekara 3» da hannunsa ya rage wa alƙali wahala, ya kuma tsare wa jikokinsa gonarsu.