Giya Ta Lalace, Kamfani Ya Ƙi Gyarawa: Mene Ne Hukunci?

Da sunan Allah Mai rahama Mai jin ƙai. Tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa.

Jama'a, bayan Juma'ar da ta wuce wani ɗan'uwa daga Aboabo ya kawo mana kuka. Ya ci bashi ya sayi sabuwar mota don haya, ba a cika shekara biyu ba giyarta ta fara fizga, daga baya ta tsaya cak. Ya kai wa dilan kamfanin, ga takardar garanti a hannu, suka ce ba ruwansu, wai ya taɓa canja mai wurin fita a Magazin ɗin Suame. Kuɗin gyara dubban sidi ne, ga bashi na jira. Ya ce, "Malam, in bar wa Allah, ko in bi haƙƙina?" Muka ga amsar za ta amfani mutane da yawa.

Da farko, garanti alkawari ne da ya shiga cikin ciniki. Kamfani ya ce in aibi ya fito daga ƙira cikin lokaci kaza, shi zai gyara. Da yawa suna ba da shekara 3 ko kilomita 100,000, duk wanda ya riga cika. Kuɗin wannan alkawari yana cikin farashin da ka biya. Ayar farko ta Suratul Ma'ida ta umarci muminai da cika alkawura, saboda haka mai neman garantinsa ba roƙo yake ba. Amma alkawarin ya hau kan kowa. In ka sa hannu cewa za ka riƙa kai sabis kan lokaci, kai ma sharaɗin ya kama ka.

Ko babu takarda, fiƙihunmu na Malikiyya ya san babin da ake kira khiyarul aibi, kuma ɗalibanmu masu karatun Risala sun gamu da shi a babin ciniki. Wanda ya sayi kaya ya tarar da aibi na da, wanda ba a gaya masa ba, yana da zaɓi: ya riƙe ko ya mayar a ba shi kuɗinsa. Asalinsa akwai hukuncin dabbar da aka ƙi tatsa don hantsarta ta cika ta ruɗi mai saye. Annabi (SAW) ya ba mai sayen damar mayarwa tare da sa'i ɗaya na dabino. Sai dai malamai sun ce in ka ga aibin ka ci gaba da aiki da kayan ba uzuri, ana ɗauka ka yarda. Don haka jinkiri yana kashe haƙƙi.

Dokar Ghana ma ba ta yi nisa da wannan ba. Dokar ciniki ta 1962, Act 137, ta ɗora wa mai sayarwa cewa kayansa ba su da aibin da bai bayyana ba, ban da wanda mai saye ya sani ko dubawarsa ta isa ta nuna. Kuma kada a zaci babban kamfani ba ya kuskure. A 2018 kotun tarayya ta Ostareliya ta ci kamfanin Ford tarar dalar ƙasar miliyan 10 kan yadda ya bi da koken masu motoci masu giyar PowerShift, inda aka riƙa ɗora laifin kan salon tuƙin direbobi.

To, yaya za a bi?

Ka daina tuƙa motar da zarar giya ta nuna alama, kuma kada ka bari kowa ya kwance ta kafin dila ya gani. Fitocinmu na Suame gwanaye ne, amma in an buɗe giyar, an ba kamfani hujja a kyauta. Ka nemi a rubuta maka dalilin ƙi da sa hannu, a nuna maka sakin layin garantin da suka dogara da shi. Ka tambaye su kai tsaye: yaya canja man inji ya lalata giya? Sannan ka tattara rasit na kowane sabis da katin aikin garejinsu, ka samo rahoton injiniya mai zaman kansa. Ƙa'idar shari'a ce cewa mai da'awa shi ke kawo hujja. Daga nan ka rubuta wa babban ofishinsu, ka ajiye kwafi.

In sun toshe kunne, a nemi sulhu, domin Suratun Nisa'i ta yabe shi, kuma dokar 2010, Act 798, ta tanadi sasanci a wajen kotu. In sun ce za su ɗauki kayan gyara kai ka biya aikin hannu, ka auna. Wani lokaci hakan ya fi shekaru ana zirga-zirga. In sulhu ya ƙi, kotu halal ce, mara ƙarfi kuma ya nufi ofishin Legal Aid na nan Kumasi.

Gargaɗi biyu. Kada fushi ya sa ka nemi rasit na bogi ko ka mayar da kilomita baya. Wannan ha'inci ne, kuma kuɗin da ya fito ta nan haram ne ko da kamfanin ya zalunce ka. In ka san kai ka shiga ruwa da motar lokacin damina, faɗi gaskiya. Na biyu, yawancin motocin Zongo na hannu ne daga Amurka ko Turai, garantinsu galibi ya ƙare ko ba ya aiki a nan. A nan maganarka da wanda ya sayar maka ce, shi ya sa ake so a rubuta sharuɗɗa a kafa shaidu. Dillalanmu kuwa, ku ji tsoron Allah: ɓoye aibin giya yana shafe albarkar ciniki.

Ɗan'uwanmu dai mun ce masa ya bi haƙƙinsa da gaskiya da ladabi, yin haka bai saɓa wa tawakkali ba. Allah Ya warware masa, Ya tsare mu daga cin haƙƙin juna. Wallahu a'alam.