Gyambo a jikin tarwada: a duba ruwa kafin a sayi magani

Masu kiwon tarwada a kwamin siminti, daga Dogarawa da Galmi har Birnin Ƙonni, sun san yadda abin yake farawa. Kifi guda zai ware kansa ya daina cin abinci, yana shawagi a saman ruwa, da farin tabo a gadon baya kamar an ɗora masa sirdi. Bayan kwana biyu sai a soma tsamo matattu.

Ƙwayoyin cuta biyu ne suka fi yin wannan ɓarna. Ta farko masana suna kiranta Flavobacterium columnare, wadda aka fara bayaninta a Amurka a 1922. Ita ce mai farin tabo, tana cinye gefen baki da fikafikai, har da matsefatan da kifi yake shaƙar iska da su. Ta biyu, Aeromonas hydrophila, jan gyambo take kawowa, wani lokacin da kumburin ciki da fitowar ido. Su ne dai suke kashe kifin ado da ake ajiyewa cikin akwatin gilashi a falo.

Abin da mutane da yawa ba su lura da shi ba, waɗannan ƙwayoyi kusan kullum suna cikin ruwa. Lafiyayyen kifi yana da yauƙi a jikinsa da yake kare shi, kuma tarwada ba ta da ɓawo, yauƙin nan shi ne rigarta. Sai ta kurje a bangon siminti mai kaushi, ko manya sun ciji ƙanana, ko an wujijjiga ƴaƴan kifi a jarka kan doguwar hanya, sannan cuta ta samu ƙofa. Ragowar abinci da kashin kifi suna ruɓewa su zama amoniya, ita kuma tana ƙona fata. A bazara, daga Maris zuwa Mayu, ruwan ƙaramin kwami yana ɗumama, iskar da ke cikinsa ta ragu, ƙwayoyin su hayayyafa da sauri.

Saboda haka aikin farko shi ne ruwa. A kwashe matattu a bizne, a ware masu gyambo a wani mazubi, a canja kashi ɗaya cikin uku zuwa rabin ruwan, a rage abinci, a yi wa kwamin rumfa. Idan kifin ya yi cunkoso a raba shi bisa girma. Raga da bokitin kwamin da ya kamu kada su shiga wani kwami.

Sai gishiri, maganin da ya fi araha. Mai farin tabo ba ta jure shi. Giram 3 a kowace lita ya isa, wato kilo 3 a ruwa lita 1000, a narkar da shi a bokiti kafin a zuba.

Idan gyambo ya yi zurfi ko mutuwa ba ta tsaya ba, lokacin likitan dabbobi ya yi. Oxytetracycline aka fi bayarwa, a cakuɗa cikin abinci kwana 10 a jere, kuma gwara a fara da wuri, don kifin da ya daina ci ba zai samu maganin ba. Fasa kafso na masu talla a watsa cikin ruwa asarar kuɗi ce, kuma yana koya wa ƙwayoyin cuta jure maganin da mu ma muke sha. A Amurka doka ta ce a jira kwana 21 bayan gama wannan magani kafin a kai irin wannan kifi kasuwa. Koren maganin nan, malachite green, da masu kifin ado suke amfani da shi, an haramta shi a Turai da Amurka ga kifin ci.

Mai rauni a hannu ya sa safar roba kafin ya taɓa ruwan, domin Aeromonas tana shiga ciwon mutum. Wanda ƙayar tarwada ta soke shi ya wanke wurin da sabulu, in ya kumbura ya je likita.