Lanƙwasar harafi: allunan Tasawa da Mayahi na jiran ƙa'ida

Matafiyin da ya taso daga Maraɗi ya nufi Damagaram, bayan tafiyar kilomita kamar 120 zai tarar da allo a bakin hanya ɗauke da sunan gari: Tessaoua. Mutanen garin kuwa Tasawa suke cewa. Haka abin yake a yankin Mayahi, inda Gulbin Kaba ya koma Goulbi N'Kaba a kan taswira. Faransawa ne suka rubuta sunayen yadda kunnensu ya ji, da ƙa'idar harshensu, kuma har yau wannan rubutu ne ke kan hatimin hukuma da takardar haihuwa.

Da a ce abin ya tsaya ga sunayen garuruwa, da da sauƙi. Amma mai allon shago ya gaji wannan hanya. Mai fenti da ya yi ƴan shekaru a lakwal, in aka ba shi aikin rubuta Hausa, da haruffan Faransanci yake yi: “ou” a madadin u, “tch” a madadin c, “gui” a madadin gi. Sai “abinci” ya fito “abintchi”. Ita kuwa macen da ta yi watanni a ajin yaƙi da jahilci, ta koyi c da ƙ da ɗ, in ta tsaya gaban wannan allo sai ta ga kamar ba harshenta ba ne. An koya mata ƙa'ida ɗaya a aji, kasuwa ta tarbe ta da wata.

Tushen wahalar ƴan haruffa ne guda huɗu masu lanƙwasa: ɓ, ɗ, ƙ da ƴ. Turawan farko da suka rubuta Hausa da boko sun riƙa yin dabara da ɗigo ko waƙafi. A shekarun 1930 aka karɓi haruffa masu ƙugiya a Zariya, ƙarƙashin Rupert East, kuma jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo, da ta fara fitowa a 1939, ta watsa su ko'ina. Nijar ta bi tata hanya. Bayan taron UNESCO na Bamako a 1966 an riƙa ninka wasali mai tsawo, kamar yadda ake gani a sunan jaridar yaƙi da jahilci, Gangaa, da a biyu. Taron Yamai na 1980 ya kusanto da rubutun ƙasashen biyu, sannan a 1999 ma'aikatar ilimi ta fitar da dokar da ta tsayar da ƙa'idar rubutun Hausa a Nijar. Bambanci ɗaya ya saura: inda Najeriya ke rubuta 'y, Nijar ƴ take sawa.

Ƙa'ida dai ta samu a takarda, kayan aiki ne suka ƙi. Mashin ɗin rubutu da aka riƙa amfani da shi a da a ofisoshin Tasawa da Mayahi an ƙera shi ne don Faransanci. Yana da é da ç, ba shi da ƙ. Sakatare ko dai ya buga k ya bi da alƙalami yana ƙara ƙugiya da hannu, ko ya ƙyale. A lokacin galibi ƙyalewa ake yi. Alhali lanƙwasar nan ba ado ba ce: ita ke raba ƙasa da kasa, ƙafa da kafa, baƙi da baki. A hira ta baki babu mai rikicewa, amma sanarwar asibiti ko bayanin maganin ƙwari da manomi zai karanta shi kaɗai a gona ba su da wanda zai tsaya ya fassara.

Akwai kuma hannu na uku, wanda ya girmi sauran biyun. A makarantun allo ana rubutu da alƙalamin kara da tawadar gawayi da ƙaro, da salon Magariba mai kauri: ɗigon fa a ƙasa, ƙaf da ɗigo ɗaya a sama, yadda riwayar Warshu ta zo da shi. Duk wanda ya taɓa ganin allon zayyana na ranar sauka ya san cewa ƙasar nan ba baƙuwa ba ce ga tsara shafi: an san gefe, an san tazara, an san inda ja ke shiga da inda rawaya ke tsayawa. Dattawa da yawa da ƙididdiga ke sa su cikin marasa karatu suna karanta ajami sarai. Naira, wadda ke yawo a kasuwannin jahar Maraɗi kafaɗa da kafaɗa da sefa, ta daɗe tana gaya musu darajarta da ajami. A 2007 aka cire shi daga takardun naira 5, 10, 20 da 50, ya saura a kan 200, 500 da 1000. Sefa kuwa Faransanci kaɗai ta iya.

Ƴan siyasa sun riga kowa gane cewa inda harafi ya gaza, alama na isar da saƙo. A ƙarshen zamanin mulkin mallaka, giwa ta RDA ce, raƙumi na Sawaba. Da jam'iyyu suka dawo a farkon shekarun 1990, kowace ta maƙala wa gajeren sunanta na Faransanci kalmar da talaka zai riƙe: Nassara, Rahama, Tarayya, Zaman Lahiya. Wannan na ƙarshe ma, da h ɗinsa, ya nuna bakin Hausar yamma, ba ta Kano ba. A lokacin, mai jefa ƙuri'a a ƙauye launi da hoto yake nema a takarda, ba MNSD ko CDS ba.

Yau uzurin mashin ya ƙare. Haruffan huɗu suna cikin tsarin Unicode tun farkon shekarun 1990, kuma akwai nau'o'in rubutu na kyauta, irin su Andika da Noto, da ke ɗauke da su manya da ƙanana. Sai dai wani abin takaici: allunan roba da ake bugowa da kwamfuta, waɗanda ke ƙwace aikin masu fenti, sau da yawa sun fi na hannu kuskure. Mai buroshi in an nuna masa ƙ sau ɗaya zai zana ta. Mai kwamfuta kuwa in ya zaɓi rubutu mai ƙyalli da ba shi da harafin, sai ƙugiyar ta ɓace, ko wani ɗan akwati ya fito a tsakiyar kalma.

Maganar ta ƙara nauyi tun watan Maris na 2025, lokacin da kundin sake gina ƙasa ya ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa, Faransanci da Ingilishi suka zama harsunan aiki. Duk allon da za a kafa da Hausa a ƙofar ofis, lakwal ko gidan likita a Tasawa da Mayahi sai wani ya zaɓar masa haruffa, ya duba rubutun kafin a buga. Masu fenti da masu buga allo su ne za su yi aikin da hannunsu, kuma dokar 1999 an rubuta ta ne don malaman aji, ba a kai ta rumfunansu ba.