Fatar da ke cijewa

 Kafin mu yi nisa, kowa ya tsunkuli fatar bayan hannunsa ya ɗan ja. Ta biyo ku ba gardama, ko? To ku ƙara ja. Kun ji ta cije.

Mahauci a kasuwar Dogon Dutsi ya san wannan cijewa tun yana yaron gida. In ya feɗe akuya zai shanya fatar, jan farko sai ta yi ta biyo shi, amma kafin ya kafa turken ƙarshe sai ya sa ƙarfi, har da cije leɓe. Mai haɗa kalangu a Tibiri ko Matankari ma da hannu yake gane inda fata ta ce ya isa.

To me ke faruwa a ciki? Fata cike take da zaruruwan wani furotin da ake kira kolajin, wanda ya kai wajen kashi ɗaya cikin uku na furotin ɗin jikinmu. Zaruruwan nan ba a miƙe suke ba. A lanƙwashe suke, a harɗe, kamar ragar ɗaure harawa. Raga in ba kaya sakwa-sakwa take, ko yaro ya ja ta. Da an cusa harawa, sai igiyoyin su miƙe ɗaya bayan ɗaya, su jeru ta inda ake ja, kowace ta ɗauki nata rabon nauyin. Igiyar ba ta sauya ba, zamanta ne ya sauya. Robar danƙon harbin tsuntsu kuwa, ka ninka tsawonta tana ta biyo ka.

A 2005, Cornelis Storm da Paul Janmey da abokan aikinsu suka nuna a mujallar Nature cewa wannan hali ba na fata kaɗai ba ne. Zaren da ke daskarar da jini a bakin rauni haka yake, haka ma zaruruwan da ke riƙe da ƙwayar halitta daga ciki. Ni abin da ya fi ba ni mamaki jijiyar jini ce: duk bugun zuciya sai ta buɗa ta karɓi jini, sannan kolajin ya taka mata birki kafin ta yage.

Yanzu mu koma ga kiɗan kalangu. Ku kasa kunne daidai inda makaɗin ke matse hammata, tsarkiya ta ja fata, murya ta hau sama.